Tilo a Bayan Tanderu

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da manyan tukwanenki. Mu nan lafiya lau. Gwiwar nan tawa dai tana nan tana yi mini tsiya duk ranar da hadari ya haɗu. Mutuniyarki uwargidana kuma ta ƙara ƙiba, amma ta ce in gaya miki tela ne ya ɓata mata riguna. Samarinmu biyu duk sun watse, ɗaya aure, ɗaya karatu, gidan ya yi mana fili har muna jin amon muryarmu.

Na so in kira ki. Direban motar siminti da ke kai muku kaya ya ce can wajen aikin madatsar ruwan sai mutum ya hau dutse yake samun layi, shi ya sa na ɗauko biro.

’Yarki Tilo tana wurina. Lafiyarta ƙalau, yanzu haka tana ɗakin tsakiya tana barci. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Kin san bangon bayan tanderun gidan burodinmu yana riƙe zafi har gari ya waye. Yaran tasha sun gano shi, can suke kwana a jingine. Ban taɓa korarsu ba, burodin da ya karkace ko ya ƙone gefe ma su nake miƙa wa da safe. Kusan dukansu suna shaƙar sholisho, gam ɗin nan da masu faci ke liƙe taya da shi. A gorar roba suke zuba shi, ko a tsumma, su cusa cikin hannun riga, suna kai hanci a kai a kai.

Ranar Talata na fito da tire, sai wata yarinya da ta rufe rabin fuska da tsohon ɗankwali ta miƙo hannu ta ce, “Baba, ba ni babban.” Na tsaya cak. Muryarki ce sak, ta lokacin da kike ƙwace mini rabona a gidan kaka. Na ɗaga ɗankwalin. Idanunta jajur, gefen hancinta duk ƙuraje, tana kallona kamar ta cikin ruwa. Na ce, “Tilo?” Ta yi dariya ta ce, “Wa ya gaya maka?” Ba ta gane ni ba. Na kama hannunta, ta biyo ni ba gardama, burodin yana ɗaya hannun.

Da rana na je wurin kakarta. Ƙanwata, idon Tsohuwa ya kusa rufewa, ta ɓoye miki ne don kada ki bar aikinki. Ita a saninta Tilo makaranta take zuwa, tana kwana wurin maƙwabciya in ta yi dare. Ashe abincin da kike aikowa ba ya kai su ƙarshen wata, sai yarinyar ta fara sayar da ledar ruwa a tasha don su samu na sawa a baki. Can ta haɗu da yaran. Da na gaya wa Tsohuwa, ta yi ta lalube tana neman hannuna tana cewa in yafe mata, kamar ni ta yi wa laifi. Na ce ta dawo gidanmu, ta ce ɗakin da ɗanta ya rasu a ciki ba ta barinsa. Mun bar ta, amma kwanonta yana zuwa safe da yamma.

Ban rubuto don in ɗora wa kowa laifi ba. ’Yarki ce, ya kamata ki sani. Ki rubuto abin da kike so a yi.

Yayanki, ko kin ƙi ko kin so.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ka gaishe da Anti.

A tsaye na karanta takardarka a bayan kicin, ban zauna ba. Tukunyar wake guda ta ƙone, leburori suka ci da ƙauri, ba wanda ya yi magana don sun ga fuskata. Da farko na zaci irin wasanka ne na ɗan kawu da ’yar goggo, na yi ta neman inda za ka ce ka tsokane ni ne. Na juya bayan takardar ma.

Ka tabbata ba ranar ce ta fara ba? Yarinyar da na bari, ko ƙamshin turare ya yi yawa sai ta yi atishawa. Shekararta sha biyu fa, Yaya. Wa ya koya mata? Wa yake sayar wa yara ƙanana wannan abu yana kuma iya barci?

Tunda ka tambayi abin da nake so: ka zane ta. Ka zane ta sosai har ta tsani warin abin. Ni da ina nan da na yi da hannuna. Kuma don Allah kada dangi su ji, ka san bakin mutanenmu.

Ba zan iya tahowa yanzu ba. Wadda ta tafi kafin wa’adinta ya cika, washegari ake ba wata gurbinta, mata suna nan a bakin ƙofa suna jira. Mu uku ne a ɗakin kwano ɗaya, muna tashi kafin asuba mu ɗora ruwa, ba ma sauke tukunyar ƙarshe sai rana ta faɗi. Ina yi ne ina cewa saboda ita nake yi. Yanzu ban san me zan riƙa gaya wa kaina ba.

Tana cin abinci? Ta rame ƙwarai? An duba mata kai, ko akwai ƙwarƙwata? Ka ce mata… a’a, kada ka ce mata komai. Ka ce ina gaishe ta.

Na gode da kwanon Tsohuwa.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata mai ƙona wake,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Tsohuwa ma lafiya, an sa mana rana a asibitin ido. Ta ce ba ta yarda a taɓa mata ido ba, amma ta riga ta sa an wanke mata mayafin fita.

Batun duka, ki yi haƙuri, ban yi ba. Hannun nan nawa in ya daki fulawa takan tashi, in ya daki yarinya ban san me zai tashi ba. Mun kai ta wurin nas ɗin asibitin unguwa, wata mai haƙuri da ta saba ganin irin yaran. Ta saurari ƙirjinta, ta ba da maganin ƙurajen. Ta ce za a sha ciwon kai da rawar hannu da baƙin rai na ɗan lokaci, maganinsu abinci da barci da aikin yi, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Ta ce ba ranar ce ta fara ba, an ɗan jima. Gara ki ji gaskiya.

Mun kuwa sha. Makon farko ta fasa filas ɗin shayi, ta zagi mutuniyarki zagin da ni kaina sai da na tambayi yaran shago ma’anarsa. Wata rana muka same ta a bayan ƙofa da gwangwanin man goge takalmi. Muka kwashe shi da kananzir da duk wani abu mai warin da ke hawa kai, muka kulle a akwati. Yanzu takalmana sun yi fari fat, ina tafiya kamar wanda ya fito daga wajen aikinku.

Amma ki zo ki ga cin abinci. Tana ci tana kare kwanon da hannu, tana ɓoye burodi ƙarƙashin matashi. Mutuniyarki ba ta hana ta ba, sai ta ajiye mata kwando a gefen gado ta ce, “Ki riƙa sawa a nan, ɓera bai san matashi ba.” Da ta ga kullum kwandon a cike yake, da kanta ta daina.

Na tambaye ta me take ji a abin. Ta ce, “Kawu, in ka shaƙa, yunwa sai ta yi nisa. Tana nan, amma kamar ta wani ce.” Na ƙara mata shayi.

Mai facin da ke tsiyaya wa yaran sholisho a murfin kwalba, na je na same shi, ni da shugaban direbobin tasha. Ya rantse ya daina. Na san akwai wasu, ban ce na gyara duniya ba. Sauran yaran suna nan a bangon, biyu dai nas ta samu sun fara zuwa wurinta.

Tilo ta koma makaranta, an mayar da ita aji ɗaya baya, ta yi fushin kwana biyu ta haƙura. In ta taso takan zo shago, in ba ta ƙullin fulawa ta mulmula. Hannunta ya daina rawa. Jiya ta yi burodi mai siffar kada, wani yaro ya sa kuka sai an saya masa. Da yamma ita ke kai wa kakarta kwano, mutuniyarki na biye da ita suna faɗa a kan wa ya fi tafiyar agwagwa. Ƙwarƙwata akwai, an gama da su, an yi mata kitso ƙanana.

In gaya miki gaskiya, gidan nan ya dawo gida. Mutuniyarki da ta daɗe tana cewa Allah bai ba ta mace ba, yanzu ba ta da lokacin ciwon bayanta. Yarinyar nan ta zama tamu. Ke dai ki cire ta daga ranki, ki yi aikinki.

Dangi ba wanda ya ji daga bakinmu.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Na ga saƙo. Na gode da ɗawainiya, Allah ya saka. Na san abin kunya na bar muku, kun kuma rufa asiri, ba zan manta ba.

Amma ban san an kai inda za a ce in cire ’yata daga raina ba. Ni na haife ta. Ni na yi jinyar ubanta da ita a goye. Ban tafi yawo ba, kuma ban bayar da ita ba. In Anti tana son ’ya mace, ba ta hanyar talaucina za ta samu ba.

Ka tambaye ni abin da nake so a yi, na faɗa, ba ka yi ba. To ga na biyu. A haɗa mata kayanta a mayar da ita wurin kakarta. Zan nemi wadda za ta riƙa kwana da su.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ruwa ya cinye gadar hanyarmu, motoci sun daɗe ba sa shigowa, yau aka ce wata za ta gwada fita ta zagaye. Ban sani ba ko kun rubuto ya maƙale a hanya, ko fushi kuke yi. In fushi ne ku yi, kuna da gaskiyarku. Ku dai rubuto layi ɗaya ku ce tana lafiya. Ba na iya barci.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwar mijina,

Ni ce, ba yayanki ba. Tana lafiya. Ga layinki ɗaya, sauran nawa ne.

Muna lafiya duka. An yi wa Tsohuwa aikin ido ɗaya, ta fara gani, abin da ta fara cewa kuwa wai ashe na tsufa. Yayanki ya rubuta miki amsa ya yaga, ya sake ya yaga, sannan gadarku ta karye. Da ƙaramar takardarki ta iso yau na ce ya ba ni biron, shi da magana ta yi nauyi sai ya koma wasa.

Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Sai da na sa ya faɗa mini abin da ya rubuta kalma kalma, sannan na ce masa, “Kai ma ka cika sakarci. Wace uwa ake ce wa ta cire ’yarta daga rai?” Abin da yake nufi, ki daina damuwa har ki ƙona wa mutane abinci. Shi ke nan fa. Ni kuma, gaskiya ne ina son yarinyar nan, ba zan yi ƙarya don ki ji sanyi ba. Amma Anti take ce mini. Kullum in na yi mata kitso sai ta ce, “Na Umma ya fi wannan zama.” Sai in haɗiye.

Yanzu ga abin da ya faru, don ba zan ɓoye miki shi ba. Ranar da takardarki ta fushin nan ta zo, tabarau ɗin yayanki ya karye, ni na zauna a kai. Tilo ta gane rubutunki a bayan ambulan ta yi ta tsalle, sai ya ce ta karanta mana. Ba mu san abin da ke ciki ba. Ta fara da murya sama, ta zo kan “abin kunya na bar muku”, sai muryar ta yi ƙasa. Ba ta tsaya ba, ta karanta har wurin haɗa kaya. Ta ninke ta miƙa masa, ta ce za ta je ta wanke kwanuka.

Washegari ta sa kayan makaranta ta fita, ba ta je ba. Da azahar malamarsu ta aiko. Yayanki ya bi ta kasuwa da gwiwarsa, ni na nufi tasha. Wata ’yar ƙaramar yarinya mai sayar da ruwa ta nuna mini wata matacciyar bas a can baya, wadda aka cire wa tayoyi. Tana ciki a kujerar ƙarshe, gora a hannu. Ta shaƙa. Ba zan ce miki ba ta shaƙa ba.

Na hau na zauna kusa da ita, da sabon zanina. Ban karɓe gorar ba, don na ga in na kai hannu gudu za ta yi. Muka zauna. Can da abin ya fara sakinta ta ce, “Anti, ni ce abin kunyar.”

Na ce, “Uwarki kanta take nufi. Haka take tun tana yarinya, in ta ji ciwo sai ta ciji na kusa da ita. Tambayi kawunki, akwai tabo a kafaɗarsa.”

Ta ce, “To don me za a mayar da ni?”

Na ce, “Don tana tsoron na sace ki.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke? Ai ba kya iya gudu.”

Muka yi dariya har ta koma kuka. Da kanta ta ajiye gorar a ƙarƙashin kujera. Muka biya ta wurin nas, ta ce hakan yana faruwa, ba a koma farko ba, a ci gaba daga inda aka tsaya. An sha ciwon kai na ’yan kwanaki, ya wuce. Tun ranar ba ta sake ba.

Ba mu haɗa kayanta ba. In kin karanta wannan kin ce har yanzu a mayar da ita, ’yarki ce, da kaina zan kai ta, amma ki sani ni ce wadda za ta riƙa kwana da su, yayanki ya dafa wa kansa. Abin da yarinyar nan take bukata ba ni da shi. Fuskarki take son gani.

Matar yayanki.

*

Yaya da Anti,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, gadar an gyara. Gurbina yana nan, matan ɗakinmu sun raba aikina tsakaninsu har na dawo, shugaban kicin kuma ya yi kamar bai ƙirga mu ba. Burodin da kuka cika mini jaka da shi bai kwana ba. Ina fatan gwiwa da baya da idon Tsohuwa duk da sauƙi.

Ban amsa takardar Anti ba, mota na hau, kun kuma gan ni a ƙofa kamar an jefo ni. Kwanakin da na yi a gidanku bakina ya yi nauyi. Na shirya maganganu a hanya, da na ga Anti ta taso tana cewa in cire takalmi ta yi shara, duk suka gudu. To ga shi a rubuce: ku yafe mini. Anti, abin da na faɗa a kan ’ya mace, na san inda na soka, da gangan na soka. Ki yafe.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Ranar da na tsefe mata kai a tsakar gida, kuna shago, tana zaune tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, sai ta ce, “Umma, kin san abin da ya sa na fi son shi?” Na ce yunwa, kawunki ya gaya mini. Ta ce, “Wannan na farko ne. Daga baya, in na shaƙa da yawa, sai in ga kin shigo tasha da jakarki kina nemana. Kullum ta ƙofar da motocin nesa ke shigowa.” Na ci gaba da tsifa don kada ta juyo. Na ce, “To ga ni na shigo.” Ta ce, “Waccan ba ta ja mini gashi haka.”

Na gaya mata da bakina cewa ba ita ce abin kunya ba, kuma na daina cewa a ɓoye wa dangi. Wanda ya tambaya a gaya masa ta yi ciwo, tana warkewa.

Yaya, ka yi daidai da ba ka dake ta ba. Kada ka saba jin haka daga gare ni.

Wa’adina zai cika bayan damina. Ba zan sabunta ba. Maganar da ka yi ta cewa masu sayen burodi da safe ba su da inda za su sha shayi a layinku, na yi ta juya ta a mota. In da gaske kake za ka ba ni gefen rumfar, zan karɓa. Kafin nan ta zauna a wurinku. Wannan karon ni na ce.

Ƙanwarku.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Mutuniyarki ta ce ta yafe, amma ki zo da tsintsiyarki. Ni kuma na sa takardarki a aljihu, wurin da kika ce na yi daidai, ina nuna wa duk wanda ya san ki.

Rumfa da gaske nake. Na sa kafinta ya auna benci. Tsohuwa ta ce in an yi mata ɗaya idon ita za ta riƙa wanke kofuna, a bakin ƙofa, don ta ga masu wucewa. Ta fara kwana a gidanmu ranar da ruwa ya tare ta, yanzu ruwa yana yawan tare ta ko sama ba gajimare.

Ranar da motarki ta tashi na ji tsoro, ban bar Tilo ta yi nisa da idona ba. Ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta zo ta ce in matsa, na cika wurin. Ga ta nan tana jan takardar, wai in bar mata ƙasa.

Yayanki.

Umma, ina wuni. Ina lafiya. Na ci gwajin lissafi, na faɗi na rubutu. Kitson bai tsufa ba.

Kin ce in riƙa gaya miki gaskiya. Wani lokaci har yanzu ina jin ina son shi, musamman in na biyo ta wurin mai faci na ji warin. Nas ta ce in na ji haka in tsallaka titi in bi ɗaya gefen, haka nake yi kullum. Jiya motoci sun yi yawa, ban samu na tsallaka ba. Na toshe hanci na wuce ta gabansa. Da na kai kwana sai na ga ashe na wuce. Na tsaya na ɗan huta, sannan na tafi gida.

Ki zo da babbar tukunyar, ta Anti ƙarama ce.

’Yarki, Tilo.